Mulhidi a cikin sabon maguzancin Turawa: yaya abin yake tafiya?

Sagir_Fagge: Jama'a, wani abu ya ɗaure mini kai. A cikin Turawan da suka koma bin addinan kakanninsu na kafin Kiristanci, akwai masu cewa ba su yarda da wani abin bauta ba, amma suna halartar tsafe-tsafen. To me suke bautawa? Kuma ina siyasa ta shigo?

MalamaHadiza: Malam Sagir, yawancin ƙungiyoyin nan ba su da aƙidar da sai ka furta kafin a karɓe ka, aiki ake dubawa. Masu bin Wicca, ɗaya daga cikin sababbin addinan maguzancin nan, da ire-irensu suna da bukukuwa 8 a shekara: rana mafi tsawo, rana mafi gajarta, ranaku biyu da dare da rana ke daidaita, sai huɗu a tsakani, irin su Beltane a 1 ga Mayu da Samhain a ƙarshen Oktoba. Mulhidin cikinsu zai kunna kyandir, ya shiga da'irar da ake tsayawa a yi tsafi, ya zuba abin sha a ƙasa kamar kowa, amma a wurinsa abin bauta irin Thor ko Brigid alama ce ta tsawa ko ta wuta, ba wani mai jin addu'a ba. Mark Green na Kalifoniya ya tsara wannan hanya da sunan Atheopaganism, da ƙa'idoji 13. Inda ake samun saɓani shi ne lokacin kiran alloli da suna. Masu imani na ganin wanda bai yarda ba wasan kwaikwayo yake yi da abin da suke girmamawa, shi ya sa wasu tarukan suke sanar da irin lafazin da za a yi tun kafin a fara.

Abu_Zinder: Ƙari a kan bayanin Malama, a duba Ayislan. An kafa Ásatrúarfélagið, ƙungiyar masu bin tsohon addinin Arewacin Turai, a 1972, gwamnati ta amince da ita a 1973. Shugabanta Hilmar Örn Hilmarsson ya faɗa a fili cewa labaran Odin, babban abin bautarsu mai ido ɗaya, misali ne na waƙa a wurinsu. Can gwamnati na raba kuɗin haraji ga ƙungiyoyin addini masu rajista gwargwadon mambobinsu 'yan shekara 16 zuwa sama, kuma ba a tambayar abin da ke zuciyar mutum.

Dr_Lawal: Ni a ganina, ɗan'uwa, rikicin siyasa ya fi na imani zafi. Ƙungiyar Asatru Folk Assembly ta masu bautar su Odin, wadda Stephen McNallen ya kafa a Amurka a 1994, ta tsaya a kan cewa addinin na zuriyar Turawa ne kaɗai. A 2016 ƙungiyoyi da dama suka sa hannu a wata sanarwa mai suna Declaration 127 suka yanke hulɗa da ita saboda wariya. A nan mulhidai da masu imani da alloli suka tsaya layi ɗaya, sai dai hujjarsu ta bambanta. Mai imani zai ce Odin na karɓar kowa. Mulhidi ba shi da wannan hujja, sai ya dogara da kimiyyar ƙwayoyin halitta da haƙƙin ɗan Adam. Haka batun muhalli: mulhidai ba za su ce ƙasa uwa ce mai fushi ba, alƙaluman ɗumamar yanayi suke kawowa.

MalamaHadiza: Akwai kuma batun doka. Amurka ta amince a sa tauraron Wicca a kaburburan tsofaffin sojoji a 2007, gudumar Thor a 2013. An samu wannan ne da hujjar cewa addini ne, don haka masu imani kan tsorata idan mulhidai suka yawaita cewa “alama ce kawai”, kada a raunana musu matsayinsu a kotu da gidajen yari.