"Kallabi tsakanin rawuna": ya dace da Margaret Thatcher kuwa?

Uwar Biyu:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Wani mai sharhi na ji a rediyo yana magana kan Kemi Badenoch, wadda ta tashi a Legas kuma ta zama shugabar jam'iyyar Conservative ta Birtaniya a 2024. Sai ya ce hanyar da take bi Margaret Thatcher, tsohuwar firaministar ƙasar, ce ta share ta, domin ita ce "kallabi tsakanin rawuna" ta farko a can. Tambayata biyu. Shin wannan magana yabo ce zalla, ko bayanin hali ne kawai? Kuma ta dace da matar nan? Ni dai kunnena bai kwanta da ita ba, amma na kasa gane dalili.

Malam Na-Zage:
Wa alaikumus salam Hajiya. Kafin a yi nisa, maganar nan ta fi kusa da kirari fiye da karin magana. Karin magana yakan zo da hukunci a cikinsa, kamar a ce "komai nisan jifa ƙasa zai faɗo." Wannan kuwa hoto kawai ta ɗauka: ga zaure cike da masu rawani, ga mace guda a tsakiyarsu. Rawani a wurinmu alamar sarauta ce da malanta, ba kowane namiji ke naɗa shi ba. Saboda haka ba a faɗa wa macen da ta shiga motar haya cike da maza. Ana faɗa wa wadda ta zauna inda ake yanke hukunci.

Idan haka ne, hoton ya fita. A zaɓen 1979 da ya kai ta kujerar firaminista, mata 19 ne kacal suka shiga majalisar dokoki mai kujeru 635.

Ɗan Kwari:
Malam ya gama magana. Ni abin da ke burge ni da ita, 'yar mai kanti ce. A saman shagon mahaifinta ta tashi a garin Grantham, tana auna wa mutane shayi da sukari. Jam'iyyar da ta shiga kuwa ta 'ya'yan manya ce, masu gidajen gado. A 1975 ta tsaya takarar shugabancin jam'iyyar ta kayar da Edward Heath, mutumin da ya ba ta ministar ilimi. Ta ci zaɓe uku a jere, 1979 da 1983 da 1987. Wanda ya taɓa tsayawa bayan kantar shago ya san kuɗi ba a tsintar su a ƙasa, shi ya sa ta ƙi yarda gwamnati ta ci gaba da ciyar da kamfanonin da ba sa kawo riba. Ta sayar da na tarho a 1984, na iskar gas a 1986, na jiragen sama a 1987. In wannan ba ta cancanci kirari ba, wa ya cancanta?

Ƙanwar Maza:
Yaya Ɗan Kwari, ba cancanta Anti Uwar Biyu ta tambaya ba. Ina jin na san abin da ya tsaya mata a rai.

Mu mata idan muka yi wa wata wannan kirari, akwai fatan da ke biye da shi: ta shiga, gobe za ta riƙo hannun wata. Thatcher ta yi shekara goma sha ɗaya da rabi tana naɗa ministoci tana saukewa. A duk tsawon lokacin nan mace ɗaya tak ta saka a majalisar ministocinta, Janet Young, daga 1981 zuwa 1983, ita ma daga majalisar dattawa ta ɗauko ta, ba daga zaɓaɓɓu ba. Wato zamanta ita kaɗai a cikin rawunan ba ƙaddara ba ce kawai, har da zaɓinta. Ita ce mai rabon kujerun.

Uwar Biyu:
Yauwa ƙanwata, Allah ya yi miki albarka. Nan ne.

Malam Na-Zage:
To ai kin ga maganar ba ta yi ƙarya ba ke nan. Kallabi aka ce, ba kallabai ba. Ranar da suka zama goma a zauren, kirarin ya mutu. Fatan da kike faɗa naki ne, mai kyau ne kuma, amma ba ya cikin lafazin.

Ƙanwar Maza:
Malam, da girmanka, magana ba lafazi kaɗai ba ce, har da bakin da ke faɗarta. Ban taɓa jin an yi wa mace wannan kirari a wurin walima ana nufin "ta shiga ta rufo ƙofa" ba.

Hajiya Ta-Gabas:
Ku bari in ba ku dariya, 'ya'yana. Ni na ga abin da idona, ba a misali ba. A watan Janairun 1988 ta zo Najeriya zamanin Babangida, aka kawo ta Kano, marigayi Sarki Ado Bayero ya shirya mata hawan daba. Hakimai ne ko'ina, rawuna har da masu kunne biyu, dawakai sun sha ado, 'yan bindiga suna ta sakin wuta, ga baturiya guda a zaune ana nuna mata. Muna daga nesa cikin turmutsutsu, ƙura ta cika mana ido. Wata tsohuwa a kusa da ni ta ce, "Wai ita ce sarauniyar?" Aka ce mata a'a, sarauniya daban, wannan ita ke riƙe da gwamnati. Ta ce, "To mijin fa?" Aka ce yana nan, binta yake yi. Tsohuwa ta riƙe baki.

Amma kada ku ɗauka kowa murna yake. An yi mata zanga-zanga a ziyarar nan, saboda ta ƙi yarda a ƙaƙaba wa gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu cikakken takunkumi. Kan wannan ne ma Najeriya da ƙasashe da dama suka ƙaurace wa wasannin Commonwealth na Edinburgh a 1986. Mu a lokacin sunanta ba ya fita daga bakin ɗalibai da alheri.

Ɗan Kwari:
Hajiya, a gafarce ni, amma a faɗi ɗaya ɓangaren. A zamaninta aka zauna taro a Lancaster House da ke Landan a 1979, aka yi yarjejeniyar da ta kai Zimbabwe ga 'yanci a 1980.

Tsohon Ɗan Ƙwadago:
An zauna, amma ka tambayi abin da ya kai ta teburin. Ana gab da taron Commonwealth na Lusaka a shekarar, gwamnatin Obasanjo ta ƙwace kadarorin kamfanin mai na BP a Najeriya. Ba don Allah kawai ta sauko ba.

Wannan ma ya kawo ni kan abin da nake so in ce. Mutane sun riƙe laƙabin "mace mai ƙarfe" da wata jaridar sojojin Tarayyar Sobiyet ta liƙa mata a 1976, sun riƙe jawabinta na 1980 inda ta ce ita ba mai juyawa ba ce, sai suka ɗauka ba ta taɓa ja da baya ba. Ta ja. A farkon 1981 aka tashi rufe ramukan kwal, mahaƙa suka yi barazanar yajin aiki, ta duba ta ga ba ta shirya ba, ta janye. Daga nan aka yi shekara uku ana tara kwal a tashoshin lantarki, ana gyara dokokin ƙungiyoyin ƙwadago. Da Arthur Scargill, shugaban ƙungiyar mahaƙan kwal, ya fito da mutanensa yajin aiki a Maris na 1984, wuta ba ta ɗauke ba ko da sanyi ya shigo. Shekara guda cur suka yi, suka koma aiki ba su sami komai ba. Ni ɗan ƙungiya ne, abin yana min ciwo har yau, amma karin maganar da ta dace da ita a nan ita ce "ja da baya ga rago ba tsoro ba ne."

Malam Na-Zage:
Wannan kam karin magana ce cikakkiya, kuma ta zauna daram. Sharaɗinta ɗaya ne: sai wanda ya ja bayan ya dawo ya yi karo. In bai dawo ba, gudu ya yi.

Bahaushen Yorkshire:
Ina karanta ku daga yankin da aka yi karon. Ina aiki a wani gari da a da ramin kwal ne ke riƙe da shi. Ramin ya rufe, an shuka ciyawa a kan tudun ƙasar da aka tono, aikin da ya rage mafi yawa na ɗaukar kaya ne a manyan ɗakunan ajiya. Akwai dattawan da har yanzu ba sa gaisawa, saboda ɗaya ya koma aiki ana tsakiyar yaji shekara arba'in da suka wuce. Da ta rasu a Afrilun 2013, a Landan an yi mata jana'izar girma a majami'ar St Paul, har Sarauniya ta halarta. A wasu garuruwan nan kuwa biki aka yi a titi.

Shi ya sa duk lokacin da na ji ana yabonta daga Kano ko Amurka ko Poland, abin da ke zuwa min shi ne "inuwar giginya, na nesa ka sha." A farkon 1982 marasa aikin yi sun haura miliyan 3 a ƙasar nan. Wanda ke nesa jarumtar Falklands ya gani, yadda ta aika jiragen ruwa suka ƙwato tsibiran daga Ajantina cikin kwana 74. Na gindin bishiyar takardar sallama ya gani.

Ɗan Kwari:
Ɗan'uwa, wannan karin maganar ta yi mata tsauri. Ana faɗarta ne ga wanda nasa ba sa amfana da shi sam. Dokar 1980 da ta bai wa masu haya a gidajen gwamnati damar sayen gidajen da rangwame fa? Iyalai sama da miliyan ɗaya suka mallaki gida a zamaninta. Waɗannan ba na nesa ba ne, su ne suka riƙa zaɓenta.

Bahaushen Yorkshire:
Gaskiya ne, maƙwabciyata ma ta haka uwarta ta sami gida, kuma ba ta yarda a zagi Thatcher a gabanta. Sai dai ba a gina wasu a madadin waɗanda aka sayar ba, jikokinsu ne yanzu ke bin layin neman gida. To in gyara: inuwar ta sauka kudu, wajen Landan da masu hada-hadar kuɗi, ta tsallake arewa da Wales da Scotland. Nisa ba sai an haye teku ba.

Tsohon Ɗan Ƙwadago:
Ku dawo kan rawunan, domin su suka ci ta. Ba 'yan adawa ba, ba mahaƙa ba, ba ma 'yan bindigar Ireland na ƙungiyar IRA da suka dasa mata bam a otal a Brighton a 1984 ba, inda mutum biyar suka mutu ita ta fito da ranta.

Harajin kai ne ya fara karya ta. Ta soke harajin da ake biya gwargwadon darajar gida, ta ce kowane baligi a ƙaramar hukuma ya biya kusan abu ɗaya, mai gidan sama da mai share masa tsakar gida. Mu nan ba sai an yi mana bayani ba: a 1979, shekarar da ta hau, Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali, mun kuma ga yadda talakawa suka karɓi abin. Ita kuwa bayan shekara goma ta ɗauko irinsa, ta fara da Scotland a 1989. Ranar 31 ga Maris 1990 aka yi tarzoma a tsakiyar Landan. Matar da ta san ja da baya a 1981, wannan karon ta ƙi.

Ga kuma rigimar cikin jam'iyya kan alaƙar Birtaniya da ƙungiyar ƙasashen Turai. Geoffrey Howe, wanda ya yi mata ministan kuɗi da na harkokin waje, mutum mai sanyin magana da ta sha yarfawa a gaban jama'a, ya ajiye aiki a Nuwamba, ya tashi a majalisa ya yi jawabin da ya buɗe ƙofa. Michael Heseltine, wani tsohon ministanta, ya fito takarar shugabancin jam'iyya da ita. Ta sami ƙuri'a 204, shi 152, amma bisa ƙa'idar jam'iyya saura huɗu ta tsallake. Ta dawo daga Paris ta kira ministocinta ɗaya bayan ɗaya, yawancinsu suka ce mata ba za ta kai ba. Ranar 28 ga Nuwamba ta bar Downing Street da hawaye, John Major ya shiga.

Malam Na-Zage:
"Da ɗan gari akan ci gari."

Ƙanwar Maza:
To Malam, ka ga abin da nake faɗa. A ɗakin nan da ta riƙa kiransu ɗaya-ɗaya, babu mace ko guda.

Malam Na-Zage:
Babu. Amma kada ki ɗora wa kallabi abin da ba ki da tabbas. Theresa May mace ce, 'yan jam'iyyar nan suka matsa mata ta sauka a 2019. Liz Truss ko wata biyu ba ta cika ba a 2022. Jam'iyyar ba ta duba abin da ke kan mutum in ta ga zai jawo mata faɗuwa. Abin lura dai, firaministoci mata uku Birtaniya ta yi, duka daga jam'iyyarta suka fito. Ko ta riƙo hannunsu ko ba ta riƙo ba, bayanta ba wanda ya sake tambaya ko mace za ta iya.

Ɗan Kwari:
Har abokan hamayya ta canza. Tony Blair ya cire alƙawarin mallakar gwamnati kan masana'antu daga tsarin mulkin jam'iyyarsa ta Labour a 1995, ya hau a 1997, bai dawo da kamfanonin da ta sayar ba.

Hajiya Ta-Gabas:
Ni da za a bi ta tawa, kirarin Sarauniya Amina ya fi kama da ita, "mace mai kamar maza." Yaƙi ta yi, ba zama kawai ba.

Ƙanwar Maza:
Hajiya, wannan ai ya fi damuna. Sai ta yi kama da maza kafin a yaba mata?

Hajiya Ta-Gabas:
Ke dai 'yar nan ba a gama miki. Buɗe mana wani zaren a kansa, in na idar da la'asar zan shigo.

Uwar Biyu:
Na gode kowa. Malam, kafin a watse: in mata biyu ne a majalisar da ke da maza ashirin, har yanzu za a iya yi wa kowaccensu kirarin, ko sai in ita kaɗai ce? Akwai walimar da za mu yi ranar Asabar, kuma su biyu aka naɗa.