Ƙanwata ta yi yaji, na ci mutuncin mijinta a kasuwa kafin in ji ta bakinsa

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, don abin ya hana ni barci.

Ni ne babba a gidanmu tun rasuwar mahaifinmu, a wani ƙauye cikin ƙaramar hukumar Taura. Mako biyu ke nan, ana kiran magariba sai ga ƙanwata da goyo a baya, ƙunshin kaya a ka, ido ya kumbura. Ta zube gaban Inna ta ce mijinta ya kwance tumakinta biyu ya kai kasuwa ba da saninta ba. Tumakin nan na san asalinsu. Da kuɗin sadakinta aka sayi uwarsu, ita ke tara musu dusa da harawa tun suna ƙanana. Da ta dube ni ta ce, "Yaya, ko sisi ban gani ba," sai zuciya ta ɗebe ni.

Ranar Lahadi muka haɗu da shi a kasuwar Gujungu, wajen 'yan hatsi. Ya miƙo hannu, na ƙi karɓa. A bainar jama'a na kira shi macuci, na ce kada ya kuskura ya turo biko. Bai ce uffan ba, ya sunkuyar da kai ya wuce.

Shekaranjiya baffansa ya yi sallama da ni. Ya ce ita da bakinta ta ce a sayar da tunkiya a sayo taki, saboda riɗin gayaunarta ya yi ja, kuma an zuba rabin buhun kamfa a ciki. Na taka na je na gani, riɗi ya yi kore shar. Yanzu kunya ta rufe ni. Niyyata gobe in ɗora ta a babur in mayar da ita ɗakinta, in ba shi haƙuri, ita kuma in yi mata faɗa kan ƙaryar da ta yi mini. Inna ta ce in dakata. Me kuka gani?

Wani malami daga Ringim:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, lokacin da Manzon Allah (SAW) ya aiki Sayyidina Ali Yaman a matsayin alƙali, ya umarce shi da cewa idan mutum biyu suka zauna gabansa, kada ya yanke hukunci sai ya ji daga na biyun kamar yadda ya ji daga na farko. Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito shi. Ka kuma buɗe Suratu Sad, aya ta 21 zuwa 25, ƙissar mai tumaki 99 da mai tunkiya guda a gaban Annabi Dawud (AS). Wasu malaman tafsiri sun ce abin da ya nemi gafara a kansa shi ne ba da amsa kafin ya saurari ɗaya ɓangaren. Haƙurin kasuwa kam ya wajaba a kanka, ko da ya tabbata shi ne mai laifi, kuma a gaban mutane za ka ba shi tunda a gabansu ka muzanta shi.

Wani daga Gumel:
Ka mayar da ita kawai. Zaman gida ba ya yi wa matar aure kyau, magana ƙaruwa take yi.

Wata uwa daga Haɗeja:
Malam, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa. Ramin da ka faɗa jiya shi za ka sake faɗawa gobe. Da farko ka ji ta bakinta ka yanke masa hukunci, yanzu ka ji ta bakin baffansa za ka yanke mata. Shi mijin ma har yau ba ka saurare shi ba, ɗan aikensa ka saurara. Ka sake karanta abin da ka rubuta: ita ta ce tumaki biyu, baffan ya ce tunkiya. Ina ta biyun? Rabin buhu aka zuba a gayaunarta, ɗaya rabin gonar wa ya tafi? Ban ce ya ci amanarta ba, wataƙila yana da amsa mai kyau. Amma dukiyar mace tata ce a Musulunci, aure ba ya halatta wa miji ita sai da yardarta. Mu mata mun san wannan ciwon. Dabbar da ka raina da hannunka ita ce asusunka na ranar rashin lafiya da kayan ɗakin 'yarka. In ka kira ta maƙaryaciya ka mayar da ita, gobe ko dukanta ake yi ba za ta zo ta faɗa maka ba. Inna ta san abin da ta hango.

Wani dattijo daga Ɗambatta:
Na daɗe ina zama a ƙofar dagacinmu ana sulhu. Mutum shi kaɗai yana iya tsallake abin da bai yi masa daɗi ba, amma in ga abokin maganarsa a kan tabarma ɗaya, da wuya. Ku haɗa su a zaure. Suratun Nisa'i aya ta 35 ta ce a samo mai sulhu daga danginsa da wani daga danginta. Nasu baffan ne, naku kuma kada ya zama kai, don ka riga ka shiga rigimar. Ka nemi kawunku ko liman. A bar kowa ya kai aya ba a katse shi ba, sannan a tambayi nawa aka sayar, a hannun wane dillali, me aka saya da kuɗin. Kada ku kai wa mai unguwa tukuna.

Mai tambaya:
Allah ya saka muku da alheri. Na zauna da ita bayan isha, na tambaye ta a hankali. Ta ce tsohuwar ta yarda a sayar, amma mai cikin ba ta yarda ba, kuma ɓacin rai ne ya sa ta haɗe su a magana ɗaya. Kawunmu ya amsa zai zauna da su ranar Juma'a bayan la'asar. Lahadi kuma in Allah ya kai mu zan nemi surukin nawa a wajen 'yan hatsin nan, ni zan fara miƙa masa hannu.