Ruwa mililita 30 kan kowane kilo ga mai septic shock: dole ne?

Likita mai neman ƙwarewa: Assalamu alaikum malamaina. Ni ina nan kan bakana. Wanda ƙwayoyin cuta suka mamaye jikinsa har awon jininsa ya faɗi, wato septic shock, a yi masa ƙarin ruwa mililita 30 kan kowane kilo na nauyin jikinsa cikin awa uku na farko. Haka jagorar Surviving Sepsis Campaign, ta ƙwararrun duniya kan wannan ciwo, ta tanada.

Likitar yara: Wa'alaikumus salam. Ƙanena, duba bugun 2021, sun mayar da ita shawara mai rauni. Ka tuna binciken FEAST na 2011 a Uganda da Kenya da Tanzaniya, yara sama da 3,000. Waɗanda aka ɗura wa ruwa da sauri, kusan kashi 10.5 cikin 100 sun rasu cikin awa 48. Waɗanda ba a ɗura wa ba, kashi 7.3.

Likita mai neman ƙwarewa: Ranki ya daɗe, ai yara ne, da yawansu zazzaɓin cizon sauro da ƙarancin jini ke damunsu.

Likitan ICU (ɗakin kulawa ta musamman): To ga manya. A wani bincike a Lusaka ta Zambiya da aka wallafa a 2017, waɗanda aka bi da tsarin ruwa mai yawa kashi 48 suka rasu, masu kulawar da aka saba kashi 33. A wannan ciwo magudanan jini sakewa suke yi, suna yoyo. Ruwan ya tsere zuwa huhu, kai kuma ba ka da na'urar numfashi. Ni nakan fara da rabin lita, in duba, in sa noradirenalin, maganin da ke ɗaga awon jini, da wuri har MAP, wato matsakaicin awon jini, ya kai 65. Ba sai ka jira babban layi, wato bututun da ake sakawa a babbar jijiya, ba, kyakkyawar jijiya a hannu ta isa na ɗan lokaci.

Likita mai neman ƙwarewa: Yallaɓai, amma binciken CLOVERS na 2023 a Amurka bai ga bambancin mutuwa tsakanin ba da ruwa mai yawa da taƙaita ruwa tare da sa maganin ɗaga awon jini da wuri ba.

Likitan ICU: A asibitocin da na'urori suke jibge, Dakta.

Sista mai kula da ɗaki: Likitoci, ku dubi namu halin. Noradirenalin ba kullum ake samu ba, wani lokacin adirenalin kawai gare mu, ɗigo kuma da ido muke ƙirgawa. Abin da ke hannuna shi ne in danna farcen majinyaci in ga ko jini ya dawo cikin daƙiƙa uku, in auna fitsari kowace awa. Don Allah duk wanda ya rubuta ruwa, ya dawo ya saurari ƙirji kafin a rataya leda ta biyu.

Likita mai neman ƙwarewa: Wannan na karɓa, Sista. Amma wanda ya zo a bushe bayan gudawa da amai, ba zan tsaya a rabin lita ba.