Ɗana ya canza tun da aka ce yana da ciwon suga

Assalamu alaikum 'yan uwa. Daga Tudun Wadan Zariya nake. Wata uku ke nan da aka gano ɗana mai shekara 11 yana da ciwon suga, irin na yara da ba ya yi sai da allurar insulin kullum. Jiki alhamdulillahi, ƙishirwar da fitsarin dare duk sun lafa. Amma yaron kamar an sauya min shi. Da sai an kira magariba ake raba shi da filin ƙwallo, yanzu daga makaranta sai ɗaki. In na ɗauko allura ya juya fuska bango. Jiya ya ce, "Umma, don ina satar sugan shayi ne Allah Ya ɗora min?" Wallahi na kasa ba shi amsa, kicin na shiga na yi ta kuka. Don Allah ku ba ni shawara.

Wata ma'aikaciyar jinya: 'Yar uwa, yau ɗin nan ki koma ki amsa masa. Ba shan suga ke kawo irin nasa ba, garkuwar jiki ce ke lalata ƙwayoyin da ke samar da insulin. Ki faɗa, ki maimaita. Sannan in kin ga ya fusata haka kawai, ko yana gumi da rawar jiki, ki gwada sugan jininsa kafin ki yi faɗa. In ya sauka ƙasa da 70 mg/dL a na'urar gwaji, a ba shi abu mai zaƙi nan take. Ki bar shi ya zaɓi wurin allurar, cinya ko ciki. In shirun ya ci gaba, ki gaya wa likitansa.

Wani uba daga Samaru: Hajiya, ku mayar da shi fili. Ki nuna masa Nacho, yana shekara 12 aka gano masa wannan ciwon, kuma shi ne kyaftin ɗin Real Madrid da suka ci kofin zakarun Turai a 2024. A gwada shi kafin ya fita, ya sa dabino a aljihu.

Wata dattijuwa daga Kwarbai: 'Yata, jikata haka ta yi. Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne kwanonta daban. Muka koma tukunya ɗaya, tuwon da za ta ci shi kowa zai ci. Kuma na hana a riƙa nuna ta gaban baƙi ana "ai ita ce mara lafiyar". Malaminsa na Islamiyya ki sanar da shi a keɓe. Masu kawo jiƙe-jiƙe su ce a bar allura, ki toshe kunnenki.

Mai tambaya: Allah Ya saka da alheri. Mama, wallahi kwanonsa daban nake zuba masa, ban taɓa kawo wa raina ba. Na gaya masa ba laifinsa ba ne, ya yi shiru, can ya ce wa ya ɗauke masa takalmin ƙwallonsa.