Wane suna za mu ba hCG da Hausa?

Assalamu alaikum, malamai da 'yan uwa ma'aikatan lafiya na nan Sakkwato. Duk matar da ta sayi tsinken gwajin ciki a kemis, ta tsoma shi cikin fitsarin safe har layi na biyu ya fito, to abin da tsinken ya gano shi ne sinadarin da likitoci ke kira hCG, amma har yau idan muka zo yi mata bayani sai mu ce "sinadarin ciki" kawai. Wannan suna ya yi faɗi, domin furojestaron, wato sinadarin da ke taimaka wa ciki ya zauna, shi ma sinadarin ciki ne. Tun 1928 likitoci biyu, Aschheim da Zondek, suka fito da gwajin hCG a birnin Balin na Jamus ta hanyar yi wa ɓeraye allurar fitsarin mata, don haka ya kamata a ce mun sama masa suna.

Wa alaikumus salam, Malam. Ni ungozoma ce, kuma ina ganin "sinadarin albishir" zai yi daɗi a bakin mata, tunda shi ke fara shaida samun ciki.

Hajiya, na daɗe ina juya shawararki, amma akwai abin da ya hana ni karɓa. Sinadarin yakan hauhawa ƙwarai a cikin da babu ɗa sai ƙullutu masu kama da 'ya'yan inabi, ana kuma samunsa a jinin wasu maza masu kansar 'ya'yan maraina. Ba zan so a karanta wa irin waɗannan sakamakonsu da kalmar albishir ba.

Abin da nake ba da shawara shi ne "ɗan aiken mabiyiya". Ƙwayoyin da za su zama mabiyiya ne ke fitar da shi bayan ciki ya kama, ya kai saƙo gidan ƙwan mace cewa a ci gaba da samar da furojestaron don kada jinin al'ada ya zo. A makonnin farko yakan ninka cikin kwana 2 zuwa 3, ya kai ƙololuwa wajen mako na 10. Ko allurarsa da ake yi wa mai neman haihuwa aike ne, domin bayan kamar awa 36 ƙwan yake saki.

Malam, na gamsu. Gobe ranar awo ce, zan faɗa wa matan sunan in ji ko zai zauna a bakinsu.