Me za mu kira "temperament" da Hausa? Ni dai na tsaya kan "zubin hali"

'Yan'uwa masu fassara da masu koyar da Littafi Mai Tsarki, kalmar nan ta Turanci tana yawan fitowa idan ana nazarin mutane irin su Bitrus da Bulus da Marta, kuma yawancinmu "hali" muke cewa mu wuce. Ina ganin lokaci ya yi da za mu zauna a kanta.

Asalinta Latin ne, ma'anarta gauraya abubuwa daidai gwargwado. Likitocin Girka, tun daga almajiran Hifokiratis har zuwa Galen a ƙarni na 2 bayan haihuwar Almasihu, sun koyar cewa ruwa huɗu ne ke cikin jikin mutum: jini, majina, da ruwan matsarmama iri biyu, rawaya da baƙi. Wanda ya rinjaya a jikinka, a cewarsu, shi ke sa ka zama mai fara'a, ko mai sanyi, ko mai zafi, ko mai yawan tunani. Larabawa suka ce mizaj, shi ma daga gaurayawa ne. Likitancin zamani ya daɗe da ajiye zancen ruwa huɗun, amma rabon mutane gida huɗu ya ci gaba da yawo. Wani fasto ɗan Amurka, Tim LaHaye, ya yaɗa shi a majami'u daga 1966, daga baya ya sa Bitrus da Bulus da Musa da Ibrahim kowa a gidansa. A lura da kyau: Littafi Mai Tsarki bai koyar da wannan rabon ba ko a aya ɗaya. Abin da ya nuna a fili shi ne mutane sun sha bamban tun daga tushe, kamar Isuwa mutumin daji da Yakubu mai zaman gida a Farawa 25:27.

To me ya hana "hali"? Hali a bakinmu yana tafe da hukunci. Ka ce wance tana da hali, ka yabe ta. Ka ce halinsa ke nan, ka yi ƙorafi. Ga kuma karin maganar da kowa ya sani, hali zanen dutse. Idan mai koyarwa ya ce "halin Marta" yana karanta Luka 10:38-42, kafin ya rufe baki masu sauraro sun gama yanke mata hukunci, 'yar'uwarta Maryamu da ta zauna sauraron Yesu ta kirki, ita kuwa da ta shagala da hidima mai laifi. Alhali abin da Yesu ya taɓo shi ne damuwa da ɗawainiyar da suka raba mata hankali. Ku duba Yahaya 11:20. Ɗan'uwansu Li'azaru ya rasu, aka ji Yesu na zuwa, Marta ta fita tarye shi, Maryamu ta zauna a gida. Wannan gaggawar tashin ita ce ta kai Marta ga furta cewa shi ne Almasihu Ɗan Allah a aya ta 27. A sura ta 12 kuma ga ta tana hidimar abinci, babu wanda ya tsawata mata. Mace ɗaya ce a wurare ukun, da irin tashinta ɗaya. Muna bukatar kalmar da za ta kama wannan irin tashin ba tare da ta yaba ko ta kushe ba.

An ba da shawarar "ɗabi'a". Ita ma ta karkata ga tarbiyya, shi ya sa muke cewa kyawawan ɗabi'u, abin da ake koya wa yaro. "Yanayi" na sauyawa tsakanin safe da yamma. "Halitta" ta fi kusa, sai dai tana rufe ƙofa, don mutum zai ce haka Allah ya halicce ni, ya ci gaba da fushinsa. "Mizaji" kuwa sai wanda ya yi karatun Larabci zai gane.

Shi ya sa na zaɓi "zubin hali". Muna cewa zubinsu ɗaya idan mutum biyu sun yi kama a ƙira, kuma masu nazarin adabi na cewa zubi da tsari. Kamar narkakken ƙarfe ne da aka zuba a mazubi: siffar ta riga ta fito, amma aikin da za a yi da shi yana gaba. Kalmar ta riƙe "hali" don kowa ya san inda aka dosa, "zubi" kuma ya cire mata hukuncin.

A gwada ta a kan Yahaya 20. Almajirai biyu sun sheƙa zuwa kabarin Yesu, ɗayan ya riga Bitrus isa, ya sunkuya ya leƙa, bai shiga ba. Bitrus ya iso a baya, ya faɗa ciki kai tsaye. A sura ta 21 ma haka: wancan almajirin ne ya fara gane Ubangiji a bakin teku, Bitrus ne ya yi tsalle cikin ruwa. Babu mai iya cewa ɗaya ya fi ɗaya hali a nan. Zubin halinsu ne ya bambanta.

Inda ta fi yi mini aiki shi ne Ayyukan Manzanni 15:36-41. Bulus da Barnaba sun yi saɓani mai zafi a kan ko za su sake tafiya da Yahaya Markus, wanda ya taɓa barin su a Bamfiliya. Bulus aikin yake kallo, Barnaba, wanda manzanni suka yi wa laƙabi da mai ƙarfafa zuciya, yaron yake kallo. Suka rabu, Barnaba da Markus suka nufi Kubrus, Bulus ya ɗauki Sila. Luka, marubucin littafin, bai faɗi mai gaskiya a cikinsu ba. Da "hali" kaɗai a hannunmu, dole mu nemo mai laifi. Da "zubin hali" muna iya cewa kowannensu ya ga abin da zubinsa ya nuna masa, kuma a 2 Timoti 4:11 Bulus da kansa ya ce a zo masa da Markus domin yana da amfani gare shi.

Sunayen gidajen huɗu ba sai mun aro ba: mai faran-faran, mai zafin rai, mai zurfin tunani, mai sanyin rai. Na guji "zurfin ciki" da gangan, don shi ɓoye damuwa yake nufi. Abin da Galatiyawa 5:22-23 ta lissafa kuwa, ƙauna da haƙuri da tawali'u da kamun kai, wannan a bar masa sunan "hali", domin ana neman sa wurin mai zafin rai da mai sanyin rai baki ɗaya.