Wayar ƙafar keke ta tsinke, a canja ɗaya ko duka?

Ɗan Yelwa: Salamu alaikum jama'a. Ran Lahadi na taso daga kasuwar Pitowa da buhun masara a bayan keke, ban kai Garwa ba sai na ji ƙas! Na sauka na duba, waya ɗaya ta ƙafar baya, reyon ɗin nan, ta tsinke daga ciki wajen lanƙwasarta. Yanzu janti, wato ƙarfen da taya ke zama a kai, na rawa yana gugar birki duk juyi ɗaya. Wani mai gyara ya ce sai an warware ƙafar gaba ɗaya an sake ɗinki, ni kuma wallahi aljihu ba nauyi. Zan iya sa guda ɗaya da kaina?

Baba Mai Kile: Wa alaikumus salam ɗana. Za ka iya, amma wane gefe ne? In gefen sarƙa ne, kuma ina zaton can ne don wayoyin can sun fi ɗauri shi ya sa suka fi tsinkewa, to sai an cire pinyon, wato haƙoran da sarƙa ke hawa a ƙafar baya, tukuna sabuwar za ta shiga raminta na tsakiyar ƙafa, shi kuma yana da kile, wato sifana, nasa, kar ka bi shi da guduma da ƙusa yadda yara ke yi. Ka kwance wadda ta tsinke ka tafi da ita kasuwa a gwada tsawo, don doguwa takan leƙo ta cikin janti ta huda maka shambur, robar iskar da ke cikin taya. Sace iska, cire taya, ɗaga robar da ke rufe kan notocin. Ka kalli maƙwabtanta yadda suka bi, yawanci waya na tsallake uku ne, ta ukun ana saƙa ta ta ɗaya ɓarin. Sai ka kifa keken, ka juya ƙafa, ka kusanto da alli gefen janti, inda ya shafa nan ne ya karkata. Ɗaura noti kwata kwata, ba zagaye guda ba, ka juya ka duba, ka ƙara. Ni kam kaɗa su nake da yatsa kamar gurmi, wadda ta yi sako sako muryarta daban take.

Ɗan Yelwa: Gefen sarƙa ne kuwa Baba. Amma ban ɓoye maka ba, wannan ta uku ke nan tun damina.

Baba Mai Kile: Af, ai da ka faɗa tun farko. To mai gyaran nan bai cuce ka ba. Duk sadda ɗaya ta tafi sauran ne ke ɗaukar nauyinta, yanzu duk sun gaji, za ka yi ta canja ɗaya ɗaya har ka ƙosa.

Na Marwa: Baba ka yi haƙuri in sa baki, ni ban ga laifin wayoyi ba, buhun ne. Mu masu dakon albasa ba ma sa siririya mai milimita 2, akwai mai 2.3 har 2.6, sai dai a duba ko ramin zai ɗauka. Kuma yayana in ta sake tsinke maka a hanya, naɗe ta jikin ta kusa kar ta shiga sarƙa, ka tura keken da ƙafa in da kaya a kai. Na taɓa ƙin sauka, kafin in iso gida janti ya koma kamar faifan da aka zauna wa.

Ɗan Yelwa: Allah ya saka da alheri. Gobe zan kai a ɗinke ta duka da masu kaurin, masarar kuma in riƙa raba ta biyu.